Tauraron Baba Dogara

"Ni fa ba zan dangwala hannuna a kan abin da idona bai gani ba."

Saje Datti ne ya faɗi haka, yana tsaye a ƙofar ɗakin Baba Dogara, ko takalminsa bai cire ba. Ni kuwa ina durƙushe a gefen gado, riƙe da takardar shaida da 'yar kwalbar tawada, kamar wanda ya zo roƙon iri. Baba Dogara yana kwance, rigarsa a rufe har wuya duk da zafin da ake yi, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Saje," in ji shi, "kwana nawa ya rage mini? Yatsa ɗaya ne fa."

"Yatsa ɗaya ne, amma da shi za a tashe ni gobe kiyama. Ban ce ba ka je Burma ba, cewa na yi ban gan ka ba. A bataliyarmu ba ka nan. A jirgin da ya dawo da mu ba ka nan. Littafinka kuma fari fat. To in rantse da me?" Ya gyara riƙon sandarsa ya juya. "Allah ya ƙara sauƙi, Ɗan dako."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ƙona mini rai. Mutum yana kan gargara, amma ba za ka iya kiran sa da sunan da ubansa ya raɗa masa ba! Na miƙe zan bi shi waje, don ni Isiyaku Tela duk unguwa an san bakina ya fi almakashina kaifi. Sai Baba Dogara ya kama gefen rigata.

"Bar shi, Tela. Gaskiyarsa ce."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shagona kuma yana kallon zaurensa. Tun ina koyon ɗinki na san shi, dogon mutum marar hayaniya, mai sayar da kananzir a bakin kasuwa. A yaƙin Burma ba bindiga ya riƙe ba. Yana cikin sojojin da ake ɗora wa akwatunan harsashi da abinci a ka, su bi masu bindiga cikin daji da duwatsu inda mota ba ta shiga. Da aka sallame shi, akawun da ya cika masa littafin sallama ya bar gurbin lambobin yabo babu komai. Duk wanda ya taka ƙasar Burma an rubuta masa Tauraron Burma, an kuma ba shi abinsa ya rataya a ƙirji, amma ban da shi. Ya ce yana kwance a asibiti a Indiya lokacin da aka dawo da 'yan rukuninsu, shi daga baya aka kawo shi. Idan aka tambaye shi ciwon me ya kwantar da shi, sai ya ce, "Ciwo dai."

To, kun san halin mutanenmu. Aka fara da wasa, wasa ya zama suna. Wasu suka ce iyakarsa Indiya, can ya zauna yana wanke wa Turawa tukwane. Wasu suka ce ko Ikko bai wuce ba. Idan wani ya shara ƙarya a majalisa, sai a ce, "Wannan ai labarin Burma ne na Dogara," a kwashe da dariya, shi yana zaune a wurin yana jan carbi. Duk shekara kuma, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Saje Datti, wanda shi ne shugaban tsofaffin sojan garinmu, yakan jera masu lamba a sahun gaba. Baba Dogara yana can baya tare da waɗanda aka ɗauka soja bayan an gama yaƙi.

Amma bai taɓa fashi ba. Duk shekara zai kawo mini kakinsa in duba maɓallai in goge masa. Wata shekara ya sa na ɗinka masa ɗan ƙyalle mai kauri ta ciki, a saman aljihun hagu, wai don kada allurar lamba ta yaga rigar idan ta iso. Na ɗinka, ina dariya a raina. Akwai kuma wani abu da na daɗe da lura da shi: ban taɓa auna shi ba sai ta kan riga. Ko a rafi, ko a gona, ko cikin zafin bazara da maza ke zama da ɗan kamfai a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa ganin Baba Dogara ba riga. Mutane suka ce layu ne ya cika jikinsa da su.

A shekarar da aka karɓe sunan garinmu aka ba sabon birnin tarayya, mu aka ce mu zama Suleja, a shekarar ne tari ya kama shi. Gari ya cika da baƙi da motocin masu awon ƙasa, kowa yana maganar hayar ɗaki, shi kuwa maganarsa ɗaya ce. Wata safiya ya tsallako shagona da littafin a naɗe cikin tsumma.

"Tela, ka iya karatun boko. Raka ni Kaduna. Ba na son in kwanta dama da sunan maƙaryaci."

Muka hau mota a Diko, muka isa da rana tsaka, muka yi ta tambaya har muka sami ofishin da ke riƙe da takardun tsofaffin soja. Wani saurayi akawu mai suna Segun ya karɓe mu, kuma in faɗi gaskiya, yaron yana da ladabi. Ya ba Baba kujera, ya duba littafin ciki da waje, ya girgiza kai.

"Baba, yi hankuri. Ana iya gyarawa, amma sai da shaida. Hanya biyu ne. Ko shugaban ƙungiyarku ya sa hannu ya ce kai ka je, ko kuwa idan kana da ciwon yaƙi a jiki, likita yana nan ciki, ka cire riga ya duba ya rubuta. Akwai ciwo, Baba?"

Baba Dogara ya dubi benci cike da tsofaffin sojoji masu jiran layi, duk sun zuba masa ido. Ya dubi ƙofar ɗakin likitan da ke buɗe, ba ko labule. Ya miƙa hannu ya karɓi littafinsa ya mai da shi cikin tsumma.

"Ba ni takardar shaidar, yaro. Allah ya yi maka albarka."

A mota na yi ta yi masa faɗa, har wata mata da ke kusa da mu ta ce in ji tsoron Allah in bar tsoho ya huta. Na ce, "Baba, ka ce ka kwanta asibiti! Ko ɗan tabo ba ka da shi da za ka nuna?" Aka yi ta tafiya har muka fara hango Dutsen Zuma. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tela, kai ba soja ba ne. Akwai inda idan soja ya ji ciwo, gara a ce bai je ba." Ban gane ba, kuma haushi bai bar ni na tambaya ba.

Wannan takarda ce Saje Datti ya ƙi dangwalawa. Ba sau ɗaya na kai masa ba, ba sau biyu ba. Na bi shi masallaci, na bi shi kasuwa, na haɗa shi da liman. Amsarsa ba ta sauya ba. Zuwansa ɗakin nan ma sai da liman ya ce masa gaida marar lafiya hakki ne.

Bayan wannan rana jikin Baba ya yi ta baya. Damina ta yi nisa, ɗakin ya riƙa warin danshi da man zafi. Matarsa, Inna Asama'u, ta daina saƙar faifan da take yi, ta koma zaman bakin gado tana ba shi kunu a ludayi, rabi ya shiga rabi ya zube. 'Yarsu ɗaya tak, Rabi, da ke aure a Izom, ta zo da goyo ta tare a gidan. Kakin nan yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, inda idonsa zai iya kai wa. Na so in sauke shi don na ga kallonsa yana ƙara masa ciwo, ya hana.

Wata ranar Laraba da hantsi Rabi ta leƙo shago ta ce Baba yana kira. Na tarar an jingina shi da matashi, idanunsa sun faɗa, amma hankalinsa garau.

"Tela, zan bar maka wasiyya. Likkafanina kai za ka ɗinka."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Za ka tashi."

"Bar ni in gama, numfashin aro nake yi. Wankana kuma, Saje Datti zai yi. Kai ka zuba masa ruwa. Ban yarda kowa ya shiga ba sai ku biyu."

Na ce, "Datti? Mutumin da ya hana ka yatsa ɗaya? Ga liman, ga Malam Bamalli da ya saba wankan gawa, sai shi? Wallahi Baba, ni ko kallonsa ba na son yi."

Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun dawowarmu daga Kaduna. "Mai wanka ba ya dariya, Tela."

Inna Asama'u ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta fita tsakar gida.

Washegari bayan an sauko daga sallar asuba, rana ta fara leƙowa, na ji salatin mata ta kan katanga. Na ajiye shayin da ke hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗa, ga shi kuma ya tafi da abin da ya ce ba ya son tafiya da shi. Na ɗauko farin yadi na yanka, na ɗinka da hannu. A duk rigunan da na yi masa, wannan ce kaɗai ba aljihu, ba wurin maƙala komai.

Na sami Saje Datti a ƙofar gidansa yana aski. Na isar da saƙo a tsaye, ba gaisuwa. Ya tsai da wanzamin, ya dube ni.

"Ni ya ce?"

"Kai ya ce. Da ni aka tambaya, da ban zaɓe ka ba."

Sannan ya ce, "Wasiyya ba a mai da ta." Ya goge kumfa da hannun riga, ya biyo ni da rabin kai a aske.

Aka kai gawar bayan ɗaki inda aka kafa zana. Na kawo ruwan magarya a bokiti da buta. Muka lulluɓe shi da zane daga cibiya zuwa gwiwa, sannan Saje ya fara ɓalle maɓallan rigar. Yana yi yana addu'a ƙasa-ƙasa, cikin sabo, don ya wanke gawa da yawa a rayuwarsa. Muka yi masa alwala, muka wanke kai. Sai ya ce in taya shi mu juya shi ta gefe don a wanke baya.

Mai wankan gawa ɗan amana ne. Abin da ya gani na aibu, da shi za a binne shi. Malamai sun ce na alheri kaɗai ake faɗa, shi ya sa zan faɗi wannan, kuma ba zan wuce shi ba. Daga kafaɗa har ƙugu, bayan Baba Dogara ba fatar mutum ba ce. Kunya-kunya ne kamar gonar da aka yi wa huɗa, fatar ta tattare ta haɗe a wurare, ga wani rami a ƙarƙashin kafaɗar dama da babban yatsa zai shige. Da Saje ya shafa ruwa, sai hannunsa ya tsaya. Ya danna wani wuri a hankali, ya sake danna wani. Akwai abubuwa masu tauri a ƙarƙashin fatar, kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Butar tana hannuna, ruwa yana zuba a ƙasa ban sani ba.

"Ƙarfe ne," in ji Saje, muryarsa ta dushe. "Ɓaraguzan igwa ne. Ba a samun wannan a wurin wankin tukwane."

"To me ya hana shi nunawa?" Na tambaya.

"A baya ne, Tela." Ya share fuska da damtse. "A bariki, wanda ya ji ciwo a baya cewa muke yi gudu ya yi. Har waƙa muke yi musu. Ni ne ma mai bayarwa, su amsa." Ya daɗe yana kallon bayan nan. "Amma mu masu bindiga, da mun ji kukan igwa tafe, sai mu zube ƙasa. Ɗan dako ba ya zubewa, akwatin harsashi na kansa. Tafiya yake yi, ta faɗi a bayansa. Wannan mutumin gaba ya nufa, ba gudu ba."

Ya karɓi butar daga hannuna ya wanke bayan da kansa, kunya bayan kunya, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ni na san an gama wanka tun tuni, amma ban ce masa ya isa ba. Da muka naɗe shi a likkafani, ya sunkuya daidai kunnensa ya ce, "Dogara, ka yafe mini." Ranar na fara jin ya kira sunan.

Aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara zuwa maƙabarta ana yayyafi. Saje ya ƙi ba kowa kafaɗa har bakin kabari, shi da yake dogara sanda.

Da la'asar muna zaman makoki a zaure, tabarmi sun jiƙe da sawun mutane. Ana ta "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne," sai wani daga cikin 'yan majalisa, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Allah sarki Dogara, yanzu wa zai riƙa ba mu labarin Burma?" Aka fara 'yar dariyar nan da aka saba.

Saje ya buga sandarsa a ƙasa har ƙura ta tashi daga ƙarƙashin tabarma.

"Ya je."

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce ya je. Ya kuma je inda ni ban kai ba. Duk wanda ya sake yin wannan dariya, ni da shi ne."

"To Saje, me ka gani?" in ji wani.

"Mai wanka ba ya ba da labari. Shaida kawai na bayar."

Na so in ce masa ihu ne bayan hari. Maganar ta zo har bakina, na dubi fuskarsa, na haɗiye ta. Da na shiga cikin gida yi wa Inna Asama'u gaisuwa, na tambaye ta ko ta sani. Ta ce, "Isiyaku, wa yake shafa masa man zafi duk damina? Rantsar da ni ya yi tun ina amarya. Kuma ko ban rantse ba, wa ya taɓa tambayata?"

Bayan sadakar uku Saje ya zo shagona ya ce in ba shi takardar da tawadar. Ya dangwala a kan teburin yanka, ya danna yatsan har tawadar ta ɓullo ta bayan takardar. Na ce zan raka shi Kaduna, ya ce a'a, wannan tafiyar tasa ce. Sai bayan an yi girbi littafin ya dawo, da layi guda na sabon rubutu a gurbin da ya yi shekara da shekaru fari, ga hatimi a gefe. Tauraron kansa aka ce sai an aiko da shi daga Ingila, kuma har Inna Asama'u ta koma Izom wajen 'yarta ba mu ga komai ba. Ranar da na kai mata littafin ta ce in nuna mata wurin. Na nuna, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe. Sannan ta naɗe shi cikin kakin ta sa a ƙasan akwati. Ɗan ƙyallen da na ɗinka yana nan yadda yake, ko hujin allura ɗaya babu.

Da ranar 'yan mazan jiya ta zagayo, ban yi niyyar zuwa ba, don ba ni da kakin da zan goge. Amma ƙafa ta kai ni, na tsaya a bakin fili cikin 'yan kallo. Tsofaffin sun ragu, wasu an riƙo su ne. Saje Datti ya jera sahun gaba da sandarsa kamar kullum, sai na ga ya tura na damansa gefe, ya bar fili daidai tsayuwar mutum ɗaya. Wani kofur da ya makara ya taho da sauri, lambobinsa suna ƙara, zai shige wurin. Saje ya gitta masa sanda.

"Da mutum a nan."

Aka buga ganga, suka ɗaga ƙafa. Sahun ya tafi a karkace, irin tafiyar tsofaffi, wannan ya riga wancan, amma ba wanda ya matsa. Gurbin ya yi ta tafiya tare da su har ƙarshen fili.